Sau Uku Idon Baba Ya Tsaya

Saura kaɗan in bar wannan kashin ban rubuta ba. Sau biyu ina farawa ina gogewa. A waɗanda suka gabata ni ce abar tausayi, kuna ta aiko mini da saƙon ban haƙuri. A wannan kuwa ni ce mai laifi. Amma na ga in na tsallake shi, duk abin da zan faɗa muku nan gaba ƙarya ne, shi ya sa na zauna.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Fuyumi, shekarata ashirin da huɗu, a Sakata nake, unguwar da ke bayan matsayar jiragen kamun kifi. Mu biyu ne a gidan, ni da Babana. Innata ta rasu ina 'yar shekara tara. Makaranta tun a aji shida na daina zuwa. Ba wanda ya kore ni. Wata safiya ce kawai na sa takalmi na kasa wuce ƙofa, washegari ma haka, har aka gaji da tambaya. Baba injinan jirgi yake gyarawa kafin ciwon nan mai cinye ƙarfin tsoka ya kama shi. Shekara shida ke nan yana kwance. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, murya ta tafi ranar da aka huda maƙogwaronsa aka haɗa shi da na'urar numfashi. Idanu ne suka rage, su kuwa suna nan da kaifinsu.

Da su yake magana. Muna da wani allo na roba, garai-garai kamar gilashi, an jera ƙananan haruffan rubutunmu guda hamsin a jikinsa. Sai in ɗaga shi tsakanin fuskata da tasa. Ya kafa ido a kan harafin da yake so, ni kuma in riƙa motsa allon har idona da nasa su haɗu ta cikin harafin. In faɗa, in daidai ne ya ƙifta sau ɗaya, mu wuce na gaba. Masu jinyar da ke zuwa sai su yi minti biyar a kan kalma guda. Ni kafin ya kai rabi na san inda ya dosa.

Tunda gaskiya na zo faɗa, na daɗe ina gyara masa magana. In ƙanwarsa Gwaggo Tamae ta zo ta zauna tana zuba, Baba zai rubuta, "Ta cika surutu, ta tafi gida." Ni kuma in ce, "Gwaggo, ya ce kin kyauta da kika zo." Sai ya harare ni ta cikin allon, in danne dariya. Ni da shi mun ɗauki abin wasa ne.

Noriaki kuma, wanda kuke ta tambayata labarinsa, shi ne direban motar wanka, wadda ke bi gida-gida ana yi wa marasa lafiya wanka. Talata da Juma'a suke zuwa su uku, shi da mata biyu. Shi ke shigo da bahon gida biyu ya haɗa a tsakar ɗaki, ya jawo tiyon ruwan zafi daga mota, sannan ya ɗaga Baba. Shekara biyu yana wannan.

"Injiniya, ka ƙara nauyi fa," zai ce. "Me Fuyumi ke ɗura maka a robar nan, naman sa?"

Baba ya nemi allo. "Ki ce masa hannunsa sanyi kamar kifin jiya."

Wannan kam ban taɓa gyarawa ba.

Saƙonsa na farko da ya shigo wayata cike yake da manyan haruffan kanji, masu ƙafafu da yawa, irin waɗanda ban yi nisa a makaranta na koya ba. Na yi yini guda kafin in ba shi amsa. Ban san yadda aka yi ya gane ba, amma daga nan duk saƙonninsa da ƙananan haruffa suke zuwa, irin na littafin yara. Bai taɓa cewa komai a kai ba. Ni ma haka.

Gwaggo Tamae ita ta ɗauki maganar aurenmu ta ɗora a kanta. Ta same ni a kicin ina wanke robar abincin Baba, ta ajiye jakar 'ya'yan itace a kan tebur, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Ke Fuyumi, mutum yana da aikinsa, ba ya sha, ya ga gidan nan yadda yake bai gudu ba. Me kike jira? Sai kin kai shekaruna?"

"Gwaggo, Baba fa?"

"Baba, Baba! Na yi magana da masu kula da shi. Za a ƙara masu jinya, su riƙa karɓa-karɓa. Ku kama ɗaki nan kusa, tafiyar minti goma. Ko so kike ranar da ya tafi a same ki tsaye da allo a hannu, ba ki san hanyar kasuwa ba?"

Na ci gaba da wanke robar. Ta riga ta fita tas, amma na ci gaba.

Ranar Lahadin da Noriaki ya zo, na sa siket ɗina ruwan toka da rigar saƙa mai launin ƙasa wadda Gwaggo ta sayo mini. Shi ya sa baƙar kwat da ta matse shi a kafaɗa, ya yi aski har keyarsa ta yi fari. Ya kawo akwatin wainar wake mai zaƙi, duk da ya san mai gidan ba ya ci da baki. Ya durƙusa a kan tabarma gefen gado, ya dafa gwiwoyinsa. Gwaggo na bakin ƙofa da tiren shayi.

"Injiniya," ya ce, sai ya gyara. "Baba. Ka san ni, ba ni da wani abin a zo a gani. Ina son Fuyumi. Na zo ne ka ba ni ita, in ka yarda."

Na ɗaga allo.

Idon Baba ya tsaya sau uku. Haruffa uku, kalma ɗaya, wadda namiji ke faɗa in zai damƙa wa wani amana. Ga ta nan, na ba ka. Ya ƙifta, ya mai da idonsa kan Noriaki.

Ban karanta haruffan a fili ba kamar yadda na saba. Na sauke allon a kan cinyata, na ji bakina yana cewa, "Ya ce ya gode. Ya ce amma ba yanzu ba. Yana bukatata tukuna."

Na'urar numfashi ta ja, ta saki. Ta sake ja, ta saki.

"Haba Yaya!" in ji Gwaggo. "Haba! Son kai har ina?"

Noriaki ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. "Na fahimta," ya ce. "A gafarce ni." Ya tashi, ya gyara bargon da ya zame daga ƙafar Baba, ya fita. Shayinsa na nan bai taɓa ba.

Kada ku tambaye ni dalili, don ni ma a lokacin ban tsaya na tambayi kaina ba. Abin da na sani shi ne, a cikin ɗakin nan ba wanda ya fi ni iya komai. Likita ma in ya zo ni yake kallo. Daga bakin ƙofa zuwa waje kuwa, ni ce wadda ke tsayawa gaban takarda a ofis har na baya su fara tari.

Daga ranar Baba ya daina yi mini magana. In na ɗaga allo, sai ya kai idonsa silin. In na ce, "In juya ka?" ya ƙifta. "In tsotse maka majina?" ya ƙifta. Iyakarta ke nan. Jarida kaɗai bai ƙi ba. Kullum da safe nakan maƙala masa ita a jikin ƙarfe, in zauna ina kallon idonsa yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa yadda rubutunmu yake, tsalle-tsalle, ya koma sama ya kama layi na gaba. In ya kai kusurwar ƙasa ta hagu, in juya shafi. Shekara shida ina juya jaridar da ban taɓa karanta shafi ɗaya nata ba.

Ranar Talata wani direba ne ya zo da motar wanka, dattijo mai ƙaramin gemu. Juma'a ma shi. Na rubuta wa Noriaki, "Lafiya?" Ya amsa bayan awa huɗu: "Lafiya lau. An canja mini layi. Ki gaida Injiniya." Gwaggo ce ta zo mini da sauran labarin.

"Shi ya roƙa a canja masa. Kuma yana shirin neman a mai da shi reshensu na garin Sendai ƙarshen wata. Kin ji ko? Ki gaya wa uban naki ya ji daɗi."

Ta faɗa da ƙarfi don Baba ya ji. Yana ji. Idonsa na silin.

Kwana goma ana haka, sai na'urar ta iso. Tun bazara aka nema masa ita, har na manta. Wata Malama Nakazato daga asibiti ta kawo ta, 'yar gajeruwa mai farin gashi da takalmin gudu. Allon kwamfuta ne a kan doguwar ƙafa, da wani siririn baƙin abu a ƙasansa mai bin ƙwayar ido. Mutum ya kalli harafi na ɗan lokaci, ta rubuta. Ya kalli wani maɓalli, ta faɗa da murya.

"Kafin mu gajiyar da maigida, zo ki zauna in gwada ta a kanki," in ji ta.

Na zauna. Gwaggo na tsaye a bayana. Malama ta sa na bi wani ɗigo da ido, sama, ƙasa, gefe. Sannan ta fito da wani rubutu layi huɗu, ta ce in karanta a zuci. Na karanta, ko in ce na yi abin da na saba yi. Da na gama ta danna wani abu, sai ga jajayen ɗigogi sun fito a kan rubutun, da zare yana haɗa su.

"Nan ne duk inda idonki ya tsaya," ta ce. "Mutane sun ɗauka ido shafa layi yake yi kamar goga. A'a. Tsalle yake, ya tsaya, ya sake tsalle. Rubutunmu ba shi da tazara tsakanin kalmomi, to kanji su ne duwatsun da yake takawa, kamar mai ƙetare rafi. Tun yana kan dutse ɗaya, gefen ido ya riga ya hango na gaba, ya auna nisan. Ƙananan haruffan da ke tsakani yawanci tsallake su yake."

Ta kalli allon sosai. Ni ma na kalla. Ɗigogina a kan ƙananan haruffan suke, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda na bari. Duk inda kanji yake kuwa fari fat, na kewaye shi. Zaren ya yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo, ya cukurkuɗe.

"Af," in ji Gwaggo. "Ita tata a ruwa take takawa ke nan?"

"Na'urar na aiki," in ji Malama Nakazato, ta share allon da sauri. "Abin da nake son gani ke nan."

Ban ji kunya yadda na zata ba. Na dai kalli abin kamar hoton ƙashin wani. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: wannan abu ba ya gyara wa kowa magana.

Aka juya na'urar wajen Baba. Ya bi ɗigon sau ɗaya, ta karɓe shi. Malama ta tafa. "Kai, maigida, idonka ya fi na ɗalibaina. To maza, faɗi abin da kake so."

Haruffa suka fara fitowa ɗaya-ɗaya. Ina tsaye da tawul a hannu. Gwaggo ta matso har numfashinta na taɓa allon. Na san ina iya fita, ban fita ba.

Muryar ta fito, ta namiji, ba hawa ba sauka: "Tamae. Kin cika surutu."

Malama Nakazato ta fashe da dariya. Gwaggo ta riƙe baki. "Ni? Yaya, ni? Shekara shida kana cewa na kyauta da na zo!"

"Fuyumi ce ke cewa," in ji muryar.

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta yi dariya ita ma, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na ga lokacin da tunanin ranar Lahadi ya zo mata, ya tsaya a goshinta. Ta ɗauki jakarta ta ce tana da wanki a waje.

Malama ta nannaɗe wayoyinta. "Gobe da ƙarfe goma zan dawo in haɗa ta da waya. Daga nan zai iya aika wa duk wanda yake so saƙo da kansa. Maigida, lambar wa za mu fara sa wa?"

"Noriaki. Motar wanka."

"To. Fuyumi, ki rubuta mini ita kafin goben."

Na ce to.

Da yamma rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan gadon. Ina ninke tawul na ba shi baya, sai na ji an ce, "Fuyumi." Shekara shida bai kira ni da sauti ba. Ba muryarsa ba ce, tasa tana da kaushi, ta mai shan taba. Duk da haka na juyo.

"Gobe goma," in ji na'urar. Sai jira, haruffa na taruwa. "Ke ko ni." Na gane: ko in gaya wa Noriaki gaskiya, ko shi ya gaya masa.

"Baba, masu jinyar nan ba su iya juya ka yadda kake so ba. Ta ranar Alhamis ma filo take sa maka a karkace."

Na ajiye tawul ɗin, na sake gwadawa.

"Wa zai riƙa juya maka jarida? Su ba su san lokacin da ka gama shafi ba."

Idonsa ya yi ta aiki. Ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Da allonmu ne da tuni na ƙarasa masa. Nan dole na tsaya na jira har ƙarshe.

"Ba ni kike ji wa ba."

Na zauna a bakin gado. Na ce masa ban san yadda ake zama matar wani ba. Na ce ko takardar auren aka ba ni, sunana kawai zan iya cikewa. Na ce uwar Noriaki malamar makaranta ce, ranar da ta miƙo mini wani abu ta ce karanta mini, shi ke nan. Duk wannan na faɗa ina kallon bargo. Da na ɗago, yana kallona, ba harara, irin kallon da yake yi wa inji in an kawo masa ya ji ƙararsa.

"Shi za ki gaya wa. Ba ni ba." Sai can kuma: "Ƙafar hagu. Ƙaiƙayi."

Na sosa masa.

Washegari mai jinyar safe ta iso ƙarfe bakwai da rabi. Na nuna mata inda na ajiye komai, har ta ce, "Yau kuma ina za a?" Na sa baƙin wandona da rigar sanyi mai hula. Na rubuta lambar Noriaki a takarda na maƙale ta a jikin na'urar, yadda ko ban dawo da wuri ba Malama za ta gani. Baba ya kalli takardar, ya kalle ni, ya koma kan jaridarsa.

Bas na shiga, ni kaɗai. Na tambayi direban sau biyu ko ya bi ta wajen ma'ajiyar motocin wanka, ya ce in zauna zai gaya mini. Iskar teku na kaɗa alluna a hanya. Na sauka ƙarfe takwas da kwata.

Motoci biyar ne a jere a filin. Noriaki yana bayan ta ƙarshe da takalmin roba, yana wanke rabin baho da tiyo. Ɗaya daga cikin matan da ke zuwa gidanmu ta hango ni, ta zunguri 'yar'uwarta, suka shige ofis. Shi bai gan ni ba sai da na tsaya inda ruwan ke gangarowa.

"Fuyumi? Injiniya lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya..."

"Abin da na faɗa ranar Lahadi, ba shi ya ce ba." Na faɗa da sauri don kada in fasa. "Cewa ya yi ya ba ka. Ni na canja."

Ya kashe ruwan. Ya rataye tiyon a jikin mota, ya goge hannu a wandonsa, duk a hankali.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Shekara biyu ina tsaye a gefenku. In zai ce a'a, ba haka fuskarsa take ba. Kuma shi Injiniya yaushe ya taɓa cewa ya gode?" Ya ɗan yi murmushi, ya ɗauke. "Na ɗauka amsarki ce kika sa a bakinsa don kada ki kunyata ni. Shi ya sa na matsa."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na tsaya ina kallon kumfa na bin ramin ruwa. Daga ofis aka ƙwala masa kira, an ce gidan farko ƙarfe tara ne, ya ɗaga hannu alamar yana zuwa.

"Ta Baba na ji," ya ce. "Taki fa?"

Duk rayuwata maganar wani nake ɗauka in kai, ba a taɓa tsayawa ana jiran tawa ba. Shi kuwa ya tsaya. Aka sake kiransa, bai waiga ba.

"Takardar Sendai," na ce, "ka miƙa?"

"Tana aljihuna. Juma'a ce ranar ƙarshe."

"Kada ka miƙa tukuna. Akwai abubuwan da ba ka sani ba a kaina, sai na gaya maka, kuma ba a tsaye ba. Ka zo Lahadi."

"Wajen Injiniya?"

"Wajena. Ni za ka tambaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga rabin bahon ya tura cikin mota, ya rufe ƙofa, matan suka fito suna satar kallona. Na tsaya har motar ta fita daga filin ta karya kwana.

Sai da na zauna a bas ɗin komawa na tuna cewa na ba shi rana, amma ban san amsar da zan ba shi ba. Yau Alhamis.